Dusa da Wuƙa: Tarihin Maganin Ciwon Hanji a Ƙasar Rano da Kibiya

Ƙasar Rano, wadda masu tarihi suka lasafta cikin Hausa Bakwai, suka kuma gama ta da Kano a laƙabin sarakunan baba saboda shahararsu da noman baba da sana'ar rini, ƙasa ce ta duwatsu da fadamu, kuma duk wanda ya ratsa ta da kaka, ya bi ta Rurum da Saji da Lausu, sa'an nan ya nufi gabas ya faɗa ƙasar Kibiya, zai ga abin da ya riƙe mutanenta tun kaka da kakanni yana tsaye a gona ko yana jibge a bakin rumbu, watau dawa da gero da maiwa da wake da gyaɗa. Labarin sarautar Autan Bawo, da na hare-haren Ningawa da suka addabi kudancin Kano a ƙarni na 19, duk an sha ba da su, ba kuwa su ne abin nufinmu a nan ba. Abin da muke so mu bi diddiginsa shi ne wani tarihi da marubuta suka cika tsallakewa, ko don kunya ko don raini, watau tarihin cikin mutanen wannan ƙasa: abin da suke zuba masa, da irin ciwon da yake yi musu, da waɗanda suke kai wa kuka idan ya murɗa. Abin da ya sa ya cancanci a rubuta shi kuwa, akwai wata cuta ta babban hanji wadda likitocin Turai suka shafe shekara fiye da sittin suna faɗi-tashi wajen neman maganinta, daga bisani suka komo kan abincin da manomin Rano yake ci kullum ba tare da ya san magani yake sha ba. Ga shi kuma yanzu, da jikokin manomin suka fara sakin wannan abinci, cutar ta fara bayyana a asibitocin ƙasarmu.

Babban hanjin ɗan Adam, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, yana da wata lallausar fata daga ciki, da tsoka daga waje mai matsa abin da ke cikinsa tana tura shi gaba. A wuraren da jijiyoyin jini suka huda tsokar nan don su kai jini ga fatar ciki akwai rauni na asalin halitta, idan kuwa shekaru suka ja, bayan gida ya riƙa zuwa ɗan kaɗan da tauri har hanji ya dinga matsawa fiye da kima, sai fatar cikin ta bulluƙo ta waɗannan kafofi, kamar yadda tiyub ɗin keke ke leƙowa ta inda taya ta cinye, ta zama 'yan aljihuna da ba su cika wuce santimita ɗaya ba. A ƙasashen Turai da Amurka fiye da rabin waɗanda suka haura shekara 60 suna ɗauke da su, galibinsu kuwa har su koma ga Mahaliccinsu ba su san da zamansu ba, domin cikin mutum ɗari masu aljihunan, waɗanda nasu ke kumbura ba su cika wuce biyar ba. Amma idan ɗaya ya kumbura, abin da likitoci ke kira dibatikulaitis, sai mutum ya ji ciwo mai naci a mara, galibi ta wajen hagu, tare da zazzaɓi da ɗaurewar ciki ko zawo. Idan abin ya yi nisa sai ya tara ruwa a gefen hanji, ko ya huda zuwa mafitsara har iska ta riƙa fita cikin fitsari, ko ya fashe ƙazanta ta malale cikin ciki, wanda shi ne mafi hatsari duka. Akwai kuma wata fuska tasa dabam, inda jijiyar da ke wuyan aljihun take tsagewa, jini mai yawa ya zubo ta dubura farat ɗaya ba tare da wani ciwo ba.

A zamanin da, kafin zuwan Turawa Kano a 1903, har ma da daɗewa bayan zuwansu, sha'anin magani a garuruwa irin su Rano da Kibiya a rarrabe yake tsakanin masu sana'a, kowa da haddinsa. Karaya ta maɗori ce, haihuwa ta ungozoma, abin da ya shafi iskoki na boka da 'yan bori, rubutun sha da addu'a na malam, aska da ƙaho da kaciya da cire beli na wanzami. Ciki kuwa kusan kowa yana da hannu a cikinsa, amma masu saiwa da tsofaffin matan gida su ne ainihin ma'abotansa, kuma fahimtarsu a kansa guda ce, watau cewa datti yana taruwa a ciki, shi ke haifar da kasala da kumburi da murɗa da basir, maganinsa kuwa a wanke. Wankin cikin nan yana da ƙa'idarsa. Akan jiƙa tsamiya tun da dare, da asuba a tafasa ganyen filasko a tace a gauraya da ruwan tsamiyar, wasu su jefa ɗan gutsuren jar kanwa, a kafa kai a shanye kafin a karya kumallo, ranar nan kuwa ba gona ba kasuwa, mutum ya yini kusa da gida, sai la'asar ta yi sanyi a dama masa kunu mai ruwa-ruwa ya mai da ƙarfinsa. Idan ciwo ne mai murɗa a ba shi jiƙon sassaƙen maɗaci, wanda ɗacinsa kaɗai ya isa ya sa mai ciwon ƙarya ya warke. Idan zawo ne ko atuni a koma ga sabara da bagaruwa da sassaƙen hano, masu ɗaure ciki. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen waɗannan itatuwa cikin littafinsa na tsirran ƙasar Hausa a 1916, kuma binciken zamani ya tabbatar da cewa filasko haƙiƙa yana tayar da hanji, bagaruwa kuwa tana da sinadarin da ke tsuke shi, wanda shi ne dalilin da ya sa majema ke jima da ita.

Wanzami ma ba a bar shi a baya ba, domin idan ciwon ya tsaya wuri guda yakan yi tsaga a kan fatar wurin ya kafa ƙaho, idan kuwa ƙurji ne da ya nuna daga waje ya yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi ruwan ya fita. Sai dai a nan askarsa take tsayawa. Babu wanzamin da ke buɗe cikin mutum mai rai, kuma a ganina wannan tsayawa a haddi tana cikin mafi girman hikimar sana'ar, domin a zamanin da babu maganin sa barci, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu ƙarin jini, buɗe ciki da kisa duk ɗaya ne. Wanda hanjinsa ya fashe a wancan zamani, ko ta wace hanya, ba shi da wani magani illa haƙuri da addu'a, 'yan'uwa su kewaye shi har ajali ya cika, a ce ciwon ciki ne ya yi sanadi, a yi masa sutura a kai shi makwancinsa kafin rana ta juya.

Malamai kuma suna da nasu ilmin ɗibbun, wanda suka gada daga littattafan Larabci, ya kuwa ƙara ƙarfi bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin yaƙi da mulki da ke kansa, ya wallafa risaloli da dama a fannin magani, daga cikinsu akwai wadda ya keɓe ga cutar basir da magungunanta, da wata a kan amfanin ganyen sanna, watau dangin filaskon nan namu; baffansa Malam Abdullahi kuma ya rubuta Masalihul Insani, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Tare da waɗannan akwai Kitabur Rahma, wanda ake jingina wa Imamu Suyuɗi, da ya yaɗu a zaurukan malaman ƙasar Hausa. Asalin da waɗannan littattafai suka ginu a kai shi ne na ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, da cewa lafiya ita ce daidaituwarsu, kuma hukama'un da suka tsara wannan ilmi sun fifita himya, watau kame baki daga abin da ke cutarwa, a kan shan magani. Ciwon babban hanji mai ɗaure ciki duk sun tara shi ƙarƙashin babi guda da suke kira ƙaulanji, maganinsa kuwa abin sa zawo ne da huƙuna, watau ɗura magani ta dubura. Abin lura a nan, shi kansa Ibnu Sina, shugaban aɗibba'u, mai littafin Ƙanun, wannan ciwo ne ya yi ajalinsa a Hamadan a 1037, kuma almajirinsa Juzjani ya ruwaito cewa don ɗokin ya warke ya yi wa kansa huƙuna har sau takwas a yini guda, hanjinsa ya sami rauni. Wannan hikaya ta dace a riƙa tuna wa masu wankin ciki, domin wanki yana amfanar cikin da ya cushe kawai, amma hanjin da ya riga ya kumbura, tayar da shi da ƙarfi yana iya zama sanadin fashewarsa.

To, a can Turai fa? Wani masanin halittar jiki Bafaranshe, Cruveilhier, ya siffanta aljihunan nan tun 1849, amma a lokacin abin mamaki ne da akan ci karo da shi jefi-jefi a jikin gawa. Sai a farkon ƙarni na 20 cutar ta fara cika asibitoci, a 1907 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka ba da rahoton yanke ɓangaren hanjin da ya ruɓe saboda ita, da hoton ciki ya samu kuma aka ga ashe ta yi yawa ainun. Fatawar da likitoci suka fitar a lokacin, wadda suka riƙe kusan shekara hamsin, ita ce a hana majinyaci duk wani abinci mai harza, watau ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa, kamar dusar hatsi da ɓawon 'ya'yan itace da jijiyar ganye, bisa zaton cewa su ne ke maƙalewa cikin aljihu su tayar da kumburi. Zato ne da hankali yake karɓa da sauri, amma ba a taɓa tsayar masa da hujja ta gwaji ba, ya kuwa jawo aka riƙa ciyar da masu cutar da ainihin abincin da ke ƙara ɗaure musu ciki. Idan abin ya kai ga wuƙa kuma, yanka uku ake yi a jere cikin watanni: na farko a fito da hanji ta bangon ciki don ƙazanta ta daina bi ta wurin da ya ruɓe, na biyu a yanke ruɓaɓɓen, na uku a mai da hanjin a ɗinke. Daga baya aka koma ga hanyar wani likitan Faris mai suna Hartmann, wadda ya bayyana a 1921 don ciwon daji, inda ake yanke ruɓaɓɓen wurin tun a karon farko, a rufe ƙarshen da ke ƙasa, a fito da na sama ta gefen ciki.

Wanda ya juya akalar wannan al'amari wani likitan fiɗa ne ɗan Ailan, Denis Burkitt, wanda ya zauna a Yuganda tun 1946, ya yi kusan shekara ashirin yana buɗe cikin mutanen Afirka, ya lura cewa cututtukan da suka cika asibitocin Ingila, irin su wannan ta aljihun hanji, da ƙyar yake ganinsu. Ya aika da takardun tambaya zuwa asibitocin karkara masu yawa a nahiyar, amsar ta zo kusan iri ɗaya. A Kampala da Johannesburg kuma, inda aka binciki dubban gawarwakin baƙaƙen fata, waɗanda aka samu da aljihunan ba su taka kara sun karya ba. A 1971 shi da wani likitan London, Neil Painter, suka buga maƙala suna cewa wannan cuta ta rashi ce, rashin harza a abincin Turawa, suka danganta farkonta da injunan niƙa na ƙarfe da suka yaɗu a Ingila wajen 1880, masu fitar da fulawa fara fat ba ko ɗigon dusa. Ba su tsaya ga magana ba, har awo suka yi na abin da mutane ke ƙyamar ambato: suka tarar mutumin karkarar Afirka yana fitar da sama da giram 400 a yini, abinci kuma yana ratsa cikinsa cikin kimanin kwana ɗaya da rabi, alhali Baturen Ingila da ƙyar yake wuce giram 100, abincinsa kuma yakan kwana uku ko fiye a hanya. A 1972 Painter ya ba da rahoton majinyata 70 da ya ɗora a kan dusar alkama, ana farawa da ƙaramin cokali biyu sau uku a yini, mafi yawansu suka sami sauƙi. Da haka tsohuwar fatawa ta rushe, aka koma umartar majinyata da abin da jiya ake hana su.

A nan ne ya kamata mu komo tsakar gida a Rano mu dubi turmi da kyau, domin kuskure ne a ɗauka cewa matan Hausawa ba su cire dusa. Suna cirewa. Bayan sussuka da sheƙa, mace takan zuba dawa a turmi ta yayyafa mata ruwa kaɗan, ta yi ta surfe har ɓawon ya saki, ta juye a faifai ta bakace, dusa ta koma gefe guda don akuya da kaji, ta wanke tsabar, ƙasarin ma dabbobi ne ke shansa, ta baza ta sha iska, sa'an nan ta kai dutsen niƙa ko ta mai da ita turmi, ta tankaɗe da rariya, tsakin da ya rage a sake dakawa ko a yi fate da shi. Cin dusa tsagwaronta alama ce ta fatara, abin da akan koma gare shi a shekarun yunwa irin ta 1914. Sai dai taɓarya, komai ƙarfin mai riƙe da ita, ba ta kai injin ƙarfe tsanani ba, kullum tana barin wani kaso na ɓawo a jikin ƙwaya, shi ya sa tuwon dawa na da yake da duhu da ɗan kaushi a harshe. Sa'an nan tuwon ba shi kaɗai yake tafiya ba. Miyarsa ta kuka ce ko busasshiyar kuɓewa ko karkashi ko lalo, da daddawa. Da rana akwai kwaɗon zogale ko rama ko tafasa da ƙuli-ƙuli, akwai ɗanwake da dafaffen wake da rogo da dankali. Yara a hanyar kiwo suna tsintar ɗinya da kanya da magarya da goriba da taura, kowanne da lokacinsa. Nama kuwa sai ranar suna ko salla ko in an ci kasuwa. Ƙara da cewa mai wannan abinci a gona yake yini da fartanya, kasuwa ma da ƙafa yake zuwa. Abin da Painter yake aunawa da cokali, wannan mutum yana samun ninkinsa ba lissafi.

Amma adalci ya wajabta a faɗi abin da ke rage wa wannan labari armashi. Na farko, cutar ta masu shekaru ce, tsofaffi kuwa ba su da yawa a wancan zamani kamar yanzu, kuma inda babu hoton ciki, ba a kuma buɗe gawa, ba makawa wasu sun tafi da ita ba a sani ba. Na biyu, abincin nan mai nauyi yana da tasa illar, domin ƙasashen da ake cinsa su ne aka fi samun murɗewar babban hanji, inda ƙarshensa na hagu yake tsawo da nauyi har ya juya a kan kansa ya ƙulle, ciki ya kumbura tim, ba iska ba bayan gida, wanda in ba a kai ga likita ba yakan kashe cikin 'yan kwanaki. Na uku, ita kanta maganar Burkitt ba ta tsira daga suka ba, domin wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, a kan mutum sama da 2,000 da aka leƙa hanjinsu da na'ura, bai ga ƙarancin aljihuna ga masu cin harza da yawa ba, ko da yake wani babban bincike na Oxford a 2011 ya nuna cewa masu yawan cinta sun fi tsira daga kwanciya asibiti saboda cutar. Abin da ya fi rinjaye ke nan a yau: harza ba lalle ta hana aljihu fitowa ba, shekaru da gado suna da nasu rabo, amma tana rage yiwuwar ya zama fitina.

Canjin abinci a kudancin Kano yana da tarihin da za a iya nuna shi da yatsa. Kamfanin fulawa na farko ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, a shekarun 1970 aka kafa irinsa a Kano, burodi da shayi suka sauka daga teburin ma'aikata zuwa bakin tasha a kowane gari. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, wadda Gwamna Audu Bako ya assasa, ga ta nan dab da ƙasar Rano, ruwanta ya mai da Kadawa da Kura da Bunkure ƙasar noman rani, shinkafa da alkama da tumatir suka yawaita. Alheri ne babba, ba mai musun haka, amma shinkafar da a da sai biki ake ganinta ta zama abincin kullum, injin casa kuma yana goge ta har ta yi fari ƙal. Masara ta ture dawa a gonaki da yawa tun da takin zamani ya samu, ita kuwa akan ɓarje ta sarai kafin a niƙa, domin uwargida tuwo fari take so baƙo ya gani. Injin niƙa shi kansa ba shi da laifi, abin da aka ba shi yake niƙawa. Injin surfe shi ne ya gaji taɓarya ya kuma wuce ta. Hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 bai daɗe ba aka janye shi, daga nan taliyar leda da lemon kwalba suka cika kanti, babur kuma ya ɗauke wa ƙafa aikinta. Tun a 1978 likitocin asibitin Korle Bu na Accra suka ba da rahoton fara ganin cutar a tsakanin mutanen Gana. A Ibadan, wani bincike na 1989 a kan hotunan hanji ya same ta ga ƙasa da mutum biyu cikin ɗari. Rahotannin da suka biyo baya daga asibitocin koyarwa, bayan na'urar leƙa hanji ta samu, suna nuna ta fi haka nesa, kuma sau da yawa zubar jini ce ke kawo masu ita.

Wannan batu na jini shi ne inda tsohuwar fahimta take iya cutar da mutum a yau. A wurin jama'armu duk jinin da ya fito ta dubura basir ne, duk ɗaurewar ciki basir ce, har kasala da ciwon baya, ga masu tallar maganinsa da lasifika a kowace kasuwa. Dattijo ɗan shekara 65 zai ga jini cike da masai, a ce masa ai Baba basir ne mai jini, a kawo jiƙo, jinin kuwa ya tsaya, domin kusan uku cikin huɗu na jinin aljihun hanji da kansa yake tsayawa, sai jiƙo ya sami yabon da bai yi aikinsa ba. Mafi muni, ciwon dajin hanji ma da irin wannan jini yake fara sallama. Haka kuma ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda manoma da 'yan dako ke saya a kemis bayan aikin yini suna haɗiya ba awo, an tabbatar suna ƙara hatsarin zubar jinin aljihun da fashewarsa.

Maganin da likitoci suka tsaya a kai yanzu hawa-hawa ne, gwargwadon tsananin ciwo. Aljihun da bai tayar da komai ba ba ya bukatar magani, illa a ƙara wake da ganye da hatsin da ba a surfe shi sarai ba, har harza ta kai giram 25 zuwa 30 a yini, a sha ruwa, a motsa jiki, a rage jan nama da taba. Gyaɗa da gugguru da masara, waɗanda aka daɗe ana hana masu cutar, wani bincike na 2008 da ya bi maza kimanin 47,000 na shekara 18 a Amurka ya wanke su daga zargi, wanda albishir ne ga ƙasar da gyaɗa take cikin kowace tukunya. Kumburi mai sauƙi akan bi shi da abinci mai ruwa-ruwa na kwana biyu ko uku da farasitamol, kuma gwajin da aka yi a Suwidin da Aisland a kan majinyata 623, aka buga a 2012, ya nuna cewa irin wannan yakan warke ko ba a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Sai dai a ganina wannan hukunci yana da sharaɗi, domin su can sai da hoton na'ura ya tabbatar musu da abin da ke ciki, alhali likitan babban asibitin Rano, wanda zazzaɓin taifot da atuni da ciwon afendis duk suke zo masa da kama ɗaya, yana da uzuri idan ya ba da maganin, musamman ga tsoho ko mai ciwon sukari. Idan ruwa ya taru ya wuce santimita uku ko huɗu, akan soka siririn bututu ta fata a zuƙe shi bisa jagorancin hoto, irin wannan aiki kuwa, da leƙa hanji da ake so a yi bayan mako shida zuwa takwas da warkewa don a kore shakkar ciwon daji, sai an dangana da birni, manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Idan kuwa hanji ya fashe, babu sauran jira, sai wuƙa.

Abin da ya fi tsorata Bahaushe musulmi a wannan mataki na ƙarshe ba yankan ba ne, kafar da ake bari a gefen ciki ce, wadda bayan gida ke fita ta cikinta zuwa wata jaka da ake mannawa, ba tare da mutum yana da ikon riƙewa ba. Tambayarsa ta farko ba ta wuce alwala da salla da shiga sahu, har akan sami wanda zai ƙi sa hannu a yi masa aikin saboda wannan. Abin mamaki kuwa, fuƙaha'un Malikiyya sun riga likitoci zuwa wannan mas'ala da ɗaruruwan shekaru, domin Shehu Halil, a Muhtasar ɗinsa na ƙarni na 14, wanda shi ne ƙololuwar karatun fiƙihu a zaurukan ƙasar Kano bayan Ahlari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Askari, ya ambaci hukuncin kafar da ta buɗe ƙarƙashin tumbi idan mafita ta asali ta toshe, a babin abubuwan da ke warware alwala, ya kuma kawo hukuncin salasi, watau abin da ke fita ba da ikon mutum ba, wanda idan ya lazimci mutum mafi yawan lokaci ba ya warware masa alwala. Almajirai da yawa sun karanta wannan wuri suna ɗaukarsa mas'ala ce ta ƙaddarawa kawai, irin wadda malamai ke kawowa don wasa ƙwaƙwalwa, ga shi yau ana kawo ta gaban malam daga gadon asibiti. Ita kafar kuma galibi ba ta dindindin ba ce, domin bayan wata uku zuwa shida, idan jiki ya murmure, likita yakan sake buɗe cikin ya haɗa hanjin ya rufe ta, ko da yake akwai tsofaffi masu rauni da ake bar musu ita har iyakar rayuwarsu, saboda yankan na biyu ma ba ƙaramin aiki ba ne.